Shekara Goma da Sunan Aro

Sabon Gari, Maraɗi
Nuwamba 1994

Zuwa ga taubashiyata Saudatu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da su Samira da Shamsu. Yaya Arlit, yaya aikin gidan likita? Mu nan lafiya lau, sai zazzaɓin kaka da ya taɓa maigidana Abdurrazak, ya kuwa tashi har ya bi motocin Alhajinsu zuwa Kwatano. Na je Tsibiri ran Juma'a. Babanki, Kawu Jibo, yana nan da ƙarfinsa, gero ya yi kyau bana, gwiwar ce dai take damunsa.

Saudatu, zaman gidan nan ya ishe ni. In na gama shara da girki, ba abin da ya rage sai ni da katanga. Littattafan Kano da nake haya wajen mai tebur a bakin kasuwa na karance su kaf, wasu har sau biyu. Jiya na gama wani da yarinyar cikinsa ta zama malamar makaranta, tana tafe da alli a hannu yara na bin ta. Na rufe shi na kasa zama, na tashi na sake share tsakar gidan da na riga na share.

Ga abin da ya sa na ɗauki bik nake rubuto miki. An ce wanda ya bar kwalej yana iya zana birebe, jarrabawar gama kwalej, daga gida, ba sai ya koma aji ba. Kandida libir ake ce masa. Abin da ake nema kawai shi ne shaidar karatun da mutum ya yi a baya: sartifikar firamare, da takardar da ta nuna ya kai ajin ƙarshe na kwalej. Ni kuwa na kai, ke shaida ce. Ba faɗuwa na yi ba, farar shekara ce ta cinye mu. Malamai na yaji, ɗalibai na yaji, aka soke jarrabawa, ni kuma a cikin wannan zaman na ga Abdurrazak na ce na gama da boko. In na samu birebe ina iya shiga makarantar horon malamai.

Abdurrazak ya yarda, amma ya ce bana kawai. Hajiyarsa ta ce ba ta taɓa ganin matar ɗan kasuwa da jakar lakwal tana zuwa makaranta ba, shi ya roƙar mini shekara ɗaya.

To kin san inda gizo ke saƙar. Ranar da dogarai suka zo gidan Kawu ɗaukar yaran lakwal, sunanki ne a takardarsu. Kawu ya tura ki cikin rumbu, ya kamo hannuna, ni marainiyar ƙanwarsa, ya ce ga Saudatu. Shekara goma ana kiran Saudatu Jibo ina cewa firezant, wato ga ni. Sartifika ta fito da wannan sunan, da za ki tafi Arlit Kawu ya saka miki ita cikin kaya, ya ce ai sunanki ne a kai. Kin tuna dariyar da muka yi.

Yanzu ina bukatarta. Ki ba Ilyasu direban kamyo, babbar motar kaya, ya taho mini da ita, shi ne zai miƙa miki wannan wasiƙar, don gidan waya na yajin aiki, ba a san ranar buɗewarsa ba. Sauran na san yadda zan yi.

Kada ki yi mini dariya in na gaya miki abin da nake gani in na rufe ido. Filin makaranta nake gani cike da mutane, ana karanta sunayen waɗanda suka ci, a ce Salima Illo. Ban taɓa jin sunan babana a filin makaranta ba.

Taki,
Salima

*

Arlit
Disamba 1994

Baiwata Salima,

Na gaishe ki. Muna lahiya, sai tari da Shamsu ke yi, iskar garin nan ba ta da kirki. Ki gaida Baba da maigidanki. Kin san hannuna bai saba da bik ba, karatun dare ne na yaƙi da jahilci, kada ki tsaya yi mani gyara.

Wasiƙarki ta yi sati uku a hanya. Motoci ba su tahowa sai sun taru soja sun raka su, saboda 'yan tawaye.

Kina maganar rumbu kamar daɗi na ji a ciki. Ɓera ya hau ƙafata ban yi kuka ba, don Baba ya ce in na yi motsi nasara za su tahi da ni. Ke kika sha madarar lakwal, ni na sha surfe. Ɗiyar mace dai ba ta godiya.

Maganar takarda. Salima, ba ta hannuna. Tana cikin dosiyena, jakar takardun aikina, a ofishin manjo, shugabanmu na gidan likita. Da ita aka ɗauke ni taimakon ungozoma. Yanzu ana ƙirgar ma'aikata za a rage, an ce marar takarda shi ne na farkon fita. Kin san tun da aka sallami maigidana Zakari daga aikin ma'adini ya tahi Tamanrasat nema, shekara ta biyu ke nan, saƙo ɗaya na samu. Takardar nan ita ce tukunyarmu ni da yaran nan.

Haihuwar da hannuna ya karɓa ta fi littattafanki yawa, ba macen da ta taɓa tambayata dikte, shiftar lakwal, tana naƙuda. Amma masu ƙirga ba hannu suke dubawa ba.

Ki yi haƙuri ki nemi wata hanya, ke da ke da kai. In kin zama malama ki fara da Samira, ta gado ni wajen lissahi.

Uwargijiyarki,
Saudatu

*

Sabon Gari, Maraɗi
Janairu 1995

Saudatu,

Ina gaisuwa, ina yi wa Shamsu sannu. Ki dafa masa ganyen turare ya yi surace. Mu lafiya, garin ne dai ba zama, motocin kamfen da kalangai tun safe, kowace jam'iyya da rumfarta a ƙofar gidanmu.

Na karanta wasiƙarki a tsaye, na sake karanta ta a zaune. Na ji halin da kike ciki, ban ce ban ji ba. Amma ki ji nawa.

Na yi ta zarya ansfeksiyo, ofishin masu kula da makarantu. Yau a rufe ana yaji, gobe mai mabuɗi ya tafi kamfen. Ranar da na samu mutum, ya tura aka binciko mini takardun kwalej. Na ga makina da idona, Saudatu, har wajen da malamin Faransanci ya rubuta cewa yarinyar nan za ta yi nisa. Sai mutumin ya ajiye katin shaidata a gefe ɗaya, takardun a gefe ɗaya, ya ce, "Madam, wannan karatun na wata ne."

Na ba shi labarin rumbu. Ya yi dariya har ya cire tabarau, ya ce ni ce ta huɗu da ta zo masa da irin wannan, akwai wanda ya yi lakwal da sunan ƙanensa da ya rasu. Ya ce magani ɗaya ne: a je gaban alƙali da sartifikar da shaidu biyu, su rantse cewa Salima Illo da Saudatu Jibo mutum guda ne, alƙali ya ba da takarda. Daga nan duk karatun ya dawo kaina.

Washegari na hau mota sai Tsibiri. Na tarar da Kawu a gindin rumbun nan dai, yana gyaran igiya. Na durƙusa na yi masa bayani tiryan-tiryan. Bai ɗago ba sai da na gama, sannan ya ce, "Ni da na haifi ɗaya na riƙe ɗaya, in dafa Alƙur'ani in ce mutum guda ne?"

Na ce, "Kawu, ai ka faɗa wa dogarai."

Ya ce, "Dogari ba Alƙur'ani ba ne."

Ya ƙara da cewa alheri ya yi mini ban sani ba, ga shi ina karanta wa duk gidan wasiƙa. Ya sa aka ɗaura mini damin gero, wai in rage hanya. Na yi kuka a mota daga Tsibiri har tasha, wata tsohuwa tana ta ba ni haƙuri, ta ɗauka rasuwa aka yi mini.

A littattafai, in yarinya ta kai nan sai wani baƙo mai farar mota ya bayyana ya warware komai. Na duba ƙofar gida, motar kamfen ce kawai.

Shekara goma na tafi lakwal da ƙafata. Ni aka yi wa bulala ranar da ban iya jadawalin bakwai ba, ni na kwana da fitila ina haddar kogunan duniya. Ko Kawu ya yarda ko bai yarda ba, zan kai maganar nan gaban alƙali. Abin da yake nawa, nawa ne.

Salima

*

Sabon Gari, Maraɗi
Fabrairu 1995

Saudatu,

Ina fatan lafiya ce ta sa shiru. Barka da shan ruwa. Ayarin motoci biyu sun iso daga arewa, na aika tasha duka biyun, ba ko gaisuwa ta baki.

Ban san abin da zan ɗauka ba. Wani lokaci in ce an tare hanya an ƙone jakar wasiƙu. Wani lokaci in ce tarin Shamsu ne ya yi tsanani. Wani lokaci kuma in tuna wani littafi da 'yan'uwa biyu suka raba gari a kan gado, ba su sake magana ba sai a bakin kabari, in ce to ga mu. Abdurrazak ya dawo ya tarar ina zagaya tsakar gida kamar akuyar da aka ɗaure, ya ce zai je ya roƙi mai tebur ya daina ba ni haya.

Ba na iya karatun ma. In na buɗe littafin lissafi sai in ga ba amfani, in na buɗe na labari sai in ji haushin yarinyar ciki, komai nata yana tafiya daidai. Ga shi kwanan nan ƙanshin daddawa ma tayar mini da zuciya yake, ban san me ya same ni ba.

Saboda yajin aiki an ɗaga rufe rubuta sunan masu jarrabawa zuwa ƙarshen Maris. Bayan nan shekarar da aka ba ni ta tafi.

In fushi kike, ki rubuto ki zage ni. Kin iya, tun muna yara.

Salima

*

Sabon Gari, Maraɗi
Maris 1995

Saudatu,

Barka da Salla. Ina gaida yara.

Ilyasu ya kawo ambulan. Na buɗe na ga sartifika, na zazzage, na leƙa ciki, ba ko layi ɗaya. Na tambaye shi ko kin ba shi saƙon baki, ya ce kin miƙa masa kawai kin juya. Na san ma'anar wannan. In mace ta mayar da abu ba magana, ta yanke zumunci ke nan. Na zauna da takardar da na yi wata huɗu ina nema, na kasa ko murmushi.

Duk da haka na shirya zuwa wajen alƙali, ba zan ɓoye miki ba. Tunda Kawu ya ƙi, na tuna Mushe Maman Lawali, kin san haka ake kiran malami a lakwal, malaminmu na Tsibiri, wanda yake ce mini Saudatun aro in ba kowa kusa. Yanzu shi ne darektan lakwal ɗin Jiratawa. Na same shi ba a lakwal ba, a fadama, wando naɗe har gwiwa yana buɗe wa albasarsa ruwa. Ya ce albashi ya yi wata da watanni bai zo ba, albasa kuwa ba ta yajin aiki.

Ya gane ni tun daga nesa. Na ba shi labari na miƙa masa takardar. Ya goge hannu ya karɓa, ya ce shi zai iya tsayawa gaban kowa ya ce wannan fuskar ce ta zauna a ajinsa. Sannan ya tambaye ni ina mai sunan take, me take yi. Na gaya masa. Ya toshe ruwan albasar, ya ce, "To in alƙali ya rubuta cewa ke ce Saudatu Jibo, waccan ta Arlit wace ce?"

Saudatu, wallahi ban taɓa kai tunanina nan ba. Ni dai gani nake za a ba ni takarda in mayar miki da taki, kowa ya kama gabansa. Ya ce ba haka abin yake ba. Sartifika ɗaya ba ta zama a dosiye biyu, ranar da aka haɗa, ɗaya ta zama maƙaryaciya, kuma ba ni ba ce.

Na ce to shekara gomata ta bi ruwa ke nan. Ya ce, "Tana cikin takardar nan ne, ko tana kanki?" Ya zaunar da ni a bakin kwalbati, ya yago takarda daga kaye, littafin da yake rubuta ranakun ban ruwa, ya yi mini dikte a tsaye. Ya ba ni lissafi a kan fili nawa famfo ɗaya zai shayar kafin azahar. Ya tambaye ni tarihi, ya tambaye ni sassan fure. Mata masu cirar tattasai sun tsaya kallo. Wasu abubuwan sun gudu, amma da yawa suka riƙa fitowa kamar jiya na ajiye su. Ya duba ya ce kuskure uku a dikte, da can biyu nake yi, aure ya ci ɗaya.

Ya ce akwai wata ƙofa, ƙarama ce, sai an sunkuya. Ansfekta, shugaban ansfeksiyo, yana iya sa a gwada ni a rubuce, in na nuna na kai ajin ƙarshe a lasafta mini shekarun kwalej da sunana, ba sai na maimaita ba. Amma ba a ɗora gini a kan iska, sai ina da sartifikar firamare tawa ta kaina. Wato bana in zauna da yaran ajinsa in zana sartifika, birebe sai baɗi.

Baɗi kuwa ba a ba ni ita ba.

Na dawo gida. Na kwana biyu ina ɗaukar ambulan ɗin ina ajiyewa. A rana ta uku na koma Jiratawa ya rubuta ni cikin masu zana sartifika. Na tsaya a kansa har ya gama rubuta Illo.

Abdurrazak ya ce shi bana ya yi alkawari, baɗi sai a tambayi baɗi. Hajiya ba ta sani ba tukuna.

Ga takardarki nan na mayar, na naɗe ta cikin leda saboda zufar Ilyasu. Ki kai ta inda kika ɗauko tun ba a lura ba. In kin yanke zumunci ne, ki yanke da ita a hannunki.

Salima

*

Arlit
Mayu 1995

Salima, sakarya,

Muna lahiya. Shamsu ya warke. An ce an yi sulhu da 'yan tawaye, motoci sun fara tahowa ba jira, shi ya sa wannan za ta same ki da wuri.

Wane zumunci na yanke? Littattafan nan sun gama da ke. Ki ji yadda aka yi.

Da na karanta kin ce za ki kai magana gaban alƙali, abin da yake naki naki ne, na ɗauka ƙarata za ki kai. Ni ban san wata takardar mutum guda ba. Na san dai in an ce alƙali, jandarma ke biyo baya. Duk motar da ta tsaya ƙofar gidan likita sai in leƙa in ga ko su ne. Na fara rubuta maki amsa, duk wadda na rubuta sai ta fito zagi, in yage. Da na gaji na ce wannan yarinya gaskiya gare ta, ita ta sha bulalar. Na je na ce wa manjo a ba ni takardata zan kai a ɗauki hotonta. Na ba Ilyasu. Ban sa wasiƙa ba don ban san yadda ake rubuta wannan ba, ba a koya mana a karatun dare ba. Na juya da sauri ne don kada ya ga idona.

Masu ƙirga suka zo dosiyena ba komi. Aka ce in zauna gida sai ta fito. Na yi sati biyar ina soya ƙosai a bakin tasha, masu ciki suna biyo ni har can suna tambayata yaushe zan dawo. Ranar da ledarki ta iso an riga an kawo wata ɗiyar ƙanwar wani tana koyon aikina. Manjo ya karɓa ya juya ta, ya ce hoton nan ya daɗe. Na ce mai hoton ne ya tahi yaji. An mayar da ni, amma aikin dare aka ba ni. Ba komi, haihuwa dama dare ta fi so.

Yanzu ke. Wa ya ce ki je ki zauna da 'yan yara? Na aiko maki abu kin mayar, haka ake yi wa uwargijiya? Na karanta wajen da kika ce kin tsaya a kansa har ya rubuta Illo, na fita bayan ɗaki na daɗe.

Sannan maganar daddawa. Ni za ki ce wa ba ki san abin da ya same ki ba? Na ƙirga da yatsa tun daga nan. Ki riƙa cin zogale, ki bar ɗaukar tulu, in ƙafa ta kumbura ki je a duba ki. Ranar jarrabawa ki ce a ba ki kujera, bencin yara ba zai ɗauke ku ku biyu ba.

Na aika wa Baba saƙo da bakin Ilyasu. Abin da na ce masa tsakanina da shi ne.

Ki ci jarrabawar nan, in kin faɗi kin ja mana abin kunya mu duka biyu.

Saudatu

*

Sabon Gari, Maraɗi
Yuli 1995

Uwargijiyata, tunda kin nace,

Ina gaisuwa, ina gaida Samira da Shamsu. Ruwa ya sauka, an yi shuka a Tsibiri. Ƙafata ta kumbura kaɗan, na je an duba, an ce ba komai. Zogale kuwa har na fara jin haushinsa.

Gwajin ansfeksiyo na yi shi tun watan jiya, ni kaɗai a ofis da wani malami yana gyangyaɗi. An ba ni takarda mai hatimi cewa na kai ajin ƙarshe na kwalej. An lasafta mini huɗu ke nan. Saura shidan farko, su ne na je nema a Jiratawa.

Ranar zana sartifika ban samu kujera ba, an ce doka ta ce benci. Na zauna a karkace, cikina yana gogar tebur, kusa da wata yarinya da ba ta kai kafaɗata ba. Da mai tsaron jarrabawa ya shigo sai ya gaishe ni ya miƙo mini takardun in raba, ya ɗauka ni ce abokiyar aikinsa. Yara suka kwashe da dariya. Na ji kamar in nutse, na ce a raina yarinyar littafi ba a taɓa yi mata haka ba. Amma da aka fara dikte na manta da kowa. Wanda ke ciki ma ya yi lamo, sai wajen lissafi ya fara harbi.

Hajiya ta ji labari a gidan biki. Ta kira Abdurrazak ta ce an ga matarsa cikin 'yan firamare da tsohon ciki, ta tambaya ko gidansu ya rasa abinci ne. Har yau ba ta amsa gaisuwata da baki, sai da kai. Maganar baɗi ba wanda ya tayar. Na dai ga ya dawo daga Kwatano da kaye guda biyar masu kauri ya ajiye a kan akwatina.

Ran Asabar aka yi kiran sakamako. Filin lakwal ya cika, iyaye, masu tallan gyaɗa, manoma da laka a ƙafa. Na tsaya can baya a gindin bishiyar bedi. Ina juyawa sai ga Kawu Jibo da sandarsa da rigarsa ta Juma'a. Daga Tsibiri, da wannan gwiwar. Na durƙusa zan gaishe shi ya ce in tashi kada in faɗi a ce shi ne. Ya ce ya zo duba irin albasa ne. Ban san abin da kika aika masa ba, ban kuwa ga ya nufi fadama ba.

Mushe Maman Lawali ya hau tebur da takarda ya fara kira. Duk yaron da aka kira sai ya yi tsalle, uwarsa ta rangaɗa guɗa. Ina tsaye ina saurare. Kin san abin da kunnena yake jira? Ban sani ba sai daga baya. Shekara goma a filin makaranta suna ɗaya na sani.

Ya kira wani suna, ba wanda ya motsa. Ya sake kira, fili ya yi tsit, mutane suna waige-waige. Ni ma na waiga ina neman yarinyar, har ina tausayinta, na ce wataƙila ba ta da lafiya. Na ga Mushe ya sauke tabarau yana kallon gindin bedi.

Sai na ji sandar Kawu ta taɓa ƙafata. Ya ce, "Ke ake kira, ɗiyar Illo. Amsa."

Na ɗago kai na dubi teburin. Mushe ya kira na uku, a hankali, kamar mai yin dikte. Na ɗaga hannu kamar 'yar aji ɗaya na ce firezant.

Ba ni da uwar da za ta yi guɗa, sai matan nan masu cirar tattasai suka yi mini. Kawu ya juya yana gyara hula, ya ce rana ta yi, zai je ya ga albasar.

Ki zo wankan jego in manjo ya bar ki. In mace ce na riga na gaya wa Abdurrazak sunan da nake so, naki ne, ya ce gidan zai rikice. Na ce ba zai rikice ba. Wannan nata ne tun ranar suna, ba wanda zai ara mata, ba wanda za ta ara wa.

Taki,
Salima Illo